Lurwanu Mai Goyo

Ni da na tako daga Gumel har bakin Bahar Maliya da ƙafafuna, shekara shida ina tafe, ni ne na wayi gari ban iya taku talatin da matata a hannu. Ba abin da ya yi mini wannan aika-aika sai tsire. Shekara goma sha huɗu ina zaune a gaban tukuba a unguwar Tandabawi ta Makka ina gasa shi, Larabawa suna zuwa suna cewa a ba su siriya, wato tsire a bakinsu, ni kuwa duk yankan da kitse ya yi masa yawa sai in ce bai dace da mai saye ba, in jefa a baki. Tumbi ya fito ya zauna a kan cinyata. Ko a jikina, har cewa nake yi albarkar Makka ce.

Matata Rumasa'u, wadda muka yi waccan tafiya tare, ta kwanta zazzaɓi a shekara ta biyu da fara yaƙin Turawa, lokacin da alhazai suka ɗauke ƙafa gari ya yi shiru. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da ƙafafunta. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai. A cikin ɗaki da hannu take jan jiki, maƙwabciyarmu Saudatu ce ke shigowa ta taya ta wanka da girki.

Bukkarmu kuwa a cikin kwari take. Ranar da muka iso muka ga fili shimfiɗe da yashi mai laushi tsakanin duwatsu biyu, ba kowa a kai, sai muka yi hamdala, har ina cewa mutanen garin nan ba su san wuri mai kyau ba. Mu a ƙasarmu ruwa yana sallama kafin ya zo. Hadari zai haɗu a gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya. A nan kuwa ruwan yana sauka ne a kan wasu duwatsu can nesa da ba ka gani, ya taru, ya biyo kwari ya same ka rana tana dukan tsakar kanka. Sel suke ce masa. Wannan yashi mai laushi da muka yi wa hamdala hanyarsa ce.

Wata Talata da hantsi, cikin sanyi, ina gida ina dakan yaji, na ji ana ihu daga sama, "Sel! Sel!" Kafin in leƙa ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure, ja kamar kunun kanwa. Na sunkuci Rumasa'u a hannu na fita. Taku talatin na yi. Na san talatin ne domin daga baya na koma na ƙirga har inda takalmina ya maƙale. A nan gwiwoyina suka saki, ƙirjina ya kama da wuta, na kife tare da ita. Fuskarta ta nutse. Na cafko gashinta na ɗago kanta, na durƙusa a wurin ina riƙe da ita, ruwa yana dukan cikina, na yi na yi in miƙe na kasa. Ba ni na cece ta ba. Ruwan ne ya ga dama ya janye.

Waɗanda suka daɗe a garin suka ce wannan ai ƙarami ne, leƙowa kawai ya yi. Amma ƙaramin nan ya ɗauke Baba Sabo, wani tsoho gurgu da ke bukka ta uku daga tamu. Sai bayan kwana biyu aka tsince shi can kudu da gari, da carbinsa aka gane shi. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma da hannuna na ciro yashi daga bakinsa.

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Idan mace ta watsa ruwan wanke-wanke a lungu sai gabana ya faɗi. Na nemi wuri a saman dutse, amma waɗanda suka fi ni hanzari sun riga sun cike shi, babu ko inda akuya za ta kwanta. Na kai kukana wurin Wada, mai ga-ruwa, wanda a nan ake ce wa sakka. Ya girme ni da shekara goma, siriri ne kamar taɓarya, amma sau ashirin yake hawa dutsen nan a yini da garwa biyu a sanda.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan tumbin. Ya ce, "Ya Hajji Lurwanu, daga ƙofarka zuwa inda sel ba ya kaiwa taku ɗari biyu ne da 'yan kai. Ba wuri za ka nema ba, ƙafa za ka nema. Ka hau kullum bayan asuba. Shwayya-shwayya, a hankali a hankali, amma kullum."

Shi ya kawo shawarar buhu. Muka ɗora katako a kan turmi a tsakar ɗaki, muka zaunar da Rumasa'u a gefe ɗaya, muka yi ta zuba yashi da duwatsu a buhu a ɗaya gefen har katakon ya daidaita. Rumasa'u ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ta ga ranar da aka auna ta kamar dawa. Na ɗinke bakin buhun. Washegari na naɗa gammo, na ɗora shi a ka, na fita.

Ranar farko ban kai rabin hanya ba na yi amai. Rana ta biyu cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa, a zaune na yi salla. Amma tsoro yana da ƙarfi idan sabo ne, sai da na jera kwana goma sha tara. Daga nan sanyi ya wuce, sama ta yi tas, tsoron ya fara tsufa. Ni kuma mutum ne mai arzikin dalilai. Yau Juma'a ce. Gobe ƙafata tana ciwo. Jibi mahauci zai zo da wuri. Har na fara yi wa kaina wa'azi, wai wanda kwanansa ya ƙare ko a saman dutse ya ƙare, kamar ba ni ne ke kulle tukubata da kwaɗo biyu ba. Buhun ya zama kujera, a kansa nake zama in ci abinci.

Wata safiya ina kwance bayan salla, ina yin kamar barci, Rumasa'u ta ce, "Malam, idonka biyu. Alkawari nake so ka yi mini."

Na ce ta faɗa.

"Idan sel ya dawo, ka fita ka hau. Kada ka tsaya ɗaukata. Na ga fuskarka ran nan a cikin ruwa, kai ma tafiya za ka yi. Gawa ɗaya ta ishi Saudatu wahala."

Ba da kuka ta faɗa ba, ba kuma da gori ba. Yadda take cewa gishiri ya ƙare, haka ta faɗa. Wannan shi ya fi tsorata ni, domin na gane ta daɗe da gama lissafinta, ta dube ni ta ga ba zan iya ba, ta kuma yafe mini tun kafin ranar. Na tashi na ɗauki gammo.

Wata biyu na jera ban fasa ba. Wuyana ya yi ƙarfi, ina kai buhun har sama in sauke in huta. Kaina ya fara kumbura. Ran nan na ce da Rumasa'u bari mu gwada, ba da buhu ba, da ita kanta. Na durƙusa, na tsaya ina kallonta, ita ma tana kallona. Sai a lokacin na ga wautata. Wata biyu ina koyon ɗaukar kaya a ka, yadda ubana da kakana suka ɗauka, ban taɓa tambayar kaina ta yaya ake ɗora mace a kan gammo ba. Na gwada a kafaɗa, ƙafafunta suka yi ta reto suna karkatar da ni. Na gwada a baya tana riƙe da wuyana, ta shaƙe ni, kuma hannayena biyu duk suna tallafe da ita, ba ni da abin dafa dutse. Muka zube a kan tabarma ina haki.

Ta ce, "Jawo mini akwatin can."

Daga ƙasan akwatin ta ciro wani tsohon majanyi saƙi, baƙi da ratsin fari. Na san shi. Da shi ta goyi ɗanmu Idrisu daga Gumel har ƙasar Fashir, shekara biyu. A bayanta ya rasu, da hantsi, a wani daji da ba ruwa, ta yi shiru ta ci gaba da tafiya har la'asar don kada ayari ya tsaya a inda ƙishi zai kashe wasu. Tun da muka binne shi ban ƙara ganin majanyin ba, ban ma san ta taho da shi ba.

Ta ce, "Goyo za ka koya."

Na ce, "Ni? Namiji da gemuna? A garin Manzo?"

"To ka yi mini alkawarin da na roƙa."

Haka na koyi goyo ina da shekara hamsin da ɗaya. Ta koya mini da buhun: yadda ake sunkuyawa, yadda ake jefa zane a kama bakinsa ta ƙarƙashin hammata, inda ake soke na sama, inda ake tamke na ƙasa, sannan majanyi ya zagayo ƙarƙashin nauyin a ɗaure shi tamau a ciki. A cikina kuwa ɗaurin sai da aka yi dabara. Ta sa na kwance na sake ya fi sau ɗari, har na iya yi ido a rufe.

Ranar da na fara fita da buhu a goye, Tandabawi ta samu abin magana. Matan da ke tuyar waina a bakin lungu suka bar tanda suka fito. Wata ta ce, "Barka da arziki, Alhaji, yaushe ne suna?" Wata ta ce, "Wannan ɗa da girma yake, ba za a yaye shi ba?" Wani Balarabe mai sayar da gawayi ya tafa hannu ya ce Takari ya haukace. Kafin mako ya zagayo ba mai cewa Lurwanu mai tsire, sai Lurwanu mai goyo. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa nakan tsaya a bayan ƙyaure da buhun a baya, ƙafata ta ƙi fita. Sai in tuna yashin da na ciro daga bakin Baba Sabo, in buɗe ƙofa.

Da zafi ya tsananta, wata rana na makara, rana ta same ni a tsakiyar dutse. Abin da na sani kawai na ga duhu. Wada ne ya kwance ni daga buhun, ya sheƙa mini rabin garwa, ya rako ni gida ina tangaɗi. Yana zaunar da ni ya ce da Rumasa'u, "Wallahi da bai faɗi ta gefen dutse ba, da halas, an gama. Kayan nan ya yi masa yawa." Rumasa'u ta daɗe tana kallon buhun.

Na huta kwana uku na koma. Watanni suka shuɗe. Tumbin ya fara ja da baya, na ƙara wa wandona ƙulli. Na san hanyar nan kamar ɗakina: taku arba'in zuwa bangon gwangwani, a karya hagu, taku sittin a kan tsakuwa mai zamewa, sai wani dutse mai doro da ake dafawa da hannun dama, sai matsattsen wuri da ba a wucewa sai da hannu biyu. Sau uku ina ce wa Rumasa'u mu sake gwadawa da ita, tana cewa a'a, bayanta yana ciwo, buhun ya isa. Akushinta kullum yana dawowa a sharce. Wata kyanwa da ke shigo mana ta yi ɓul-ɓul, har na yi mata ba'a na ce ta gaji tumbina. Ni dai ban ga komai ba. Idona yana kan sama.

Sanyi ya dawo, tsoron ya dawo sabo fil. Kullum sai na dubi gabas, ta wajen duwatsun Ɗa'ifa, ya fi sau hamsin. Ina juya tsire ina ƙona yatsa.

Ranar da ya zo, bayan azahar ne. A kanmu rana ce tarwai, amma can gabas sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta, ta ƙi tsayawa, tana ƙaruwa. Jakunan masu gawayi suka fara fizgar igiya. Kafin mai ihun farko ya rufe baki na bar tukuba da nama a kai.

Kowa yana gudu sama, ni ina gudu ƙasa. Na yi karo da Saudatu tana jan 'ya'yanta biyu, tana kuka tana cewa ta yi ta yi ta kasa ɗaga Rumasa'u. Na tarar da Rumasa'u a bakin ƙofa, ta jawo jikinta har nan, zane da majanyi a cinyarta. Ruwa ya riga ya rufe idon sawuna, sanyi ƙarara.

Ta ce, "Malam, in ka ga ba..."

Na ce, "Rufe mini baki!" Ban taɓa faɗa mata haka ba, kafin ranar ko bayanta.

Na sunkuya, ta kama kafaɗuna, na jefa zane. Hannayena sun san aikinsu. Na tamke majanyi na miƙe. Na miƙe da sauƙin da ya ba ni mamaki, sai dai ba lokacin mamaki ba ne.

Kafin in kai bangon gwangwani ruwa ya kai gwiwa, bangon ma babu shi, ya tafi. Ƙirga ce ta gaya mini inda zan karya. Ban ganin hanya, ruwan laka ne ja yana tafe da tabarmi da ƙwarya da mushen akuya, amma ƙafafuna sun san kowace tsakuwa. A taku na saba'in ya kai cinya, yana tura ni gefe kamar ƙaton mutum. Wata azara ta taho ta daki ƙuguna, na durƙusa a kan gwiwa ɗaya, daidai yadda na durƙusa bara. Ruwa ya kai ƙirjina. Na ji numfashin Rumasa'u a wuyana tana kalmar shahada. Tsoron da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa ba, har fitsari na saki, ba wanda ya sani sai yau da nake faɗa. Na miƙa hannun dama cikin ruwa ina lalube, na ji doron dutsen nan. Na kama shi da hannu biyu, tunda hannayena duka nawa ne, na ja. Na tashi.

Matsattsen wurin da rarrafe na wuce shi, farcena biyu suka cire. Daga nan ruwa ya koma gwiwa, ya koma sawu, sai na ji busasshen dutse. Ban tsaya ba sai da Wada ya tare ni da ƙirjinsa yana cewa, "Bas, bas, ya isa haka, ya sheikh, ka iso!" Da na waiga, inda bukkarmu take babu komai sai ruwa yana juyi. Matan nan masu waina suna tsaye a jiƙe, ba wadda ta tambayi ranar suna.

Na kwance majanyi, Saudatu ta taya ni sauke ta a kan wani falalen dutse. Sai a lokacin abin da na ji a ƙofa ya dawo mini. Wata goma ina ɗaukar buhun nan, na san nauyinsa kamar yadda na san sunana. Abin da na hawo da shi yau bai kai shi ba, ko kusa. Na dube ta sosai, irin duban da na daɗe ban yi mata ba. Jiƙaƙƙen zane ya manne mata, ana ƙirga haƙarƙarinta. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannunta ya zame har gwiwar hannu.

Na ce, "Rumasa'u, ina abincin da kike ci?"

Ta kau da kai. Saudatu ce ta fashe da kuka ta ce, "Tun ranar da Wada ya kawo ka kana tangaɗi. Loma uku take yi, sauran ta ba kyanwa ko ta ba yarana. Ta rantsar da ni kada in faɗa."

Na zauna daɓas. Ina can ina hawa dutse ina jin kaina namiji, ashe ita ma tana nata aikin a ɗaki, wata biyar, da akushi a gabanta. Na yi kuka a gaban mutanen Tandabawi, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ta ce, "Ka ji abin da Wada ya faɗa. Kayan ya yi maka yawa. Ni ba ni da ƙafar da zan taya ka, sai na rage maka."

Wani ya miƙo mana gurasa da dabino daga abin da ya tsira da shi. Na gutsura na kai bakinta, ta tsuke leɓe, tana kallon ruwan da ke ƙasa.

Na ce, "Buhun ya tafi da ruwa. Gobe zan ɗinka wani, kuma ba da ke za a auna shi ba. Wada zai zauna a katakon, da garwarsa biyu a cike."

Wada ya ce, "Ni? La, wallahi!"

Ta dube ni ta ga ba wasa nake yi ba. Ta ce, "Kullum za ka hau?"

Na ce, "Kullum. Ke dai ki ci."

Ta buɗe baki ta karɓa. Ta daɗe tana taunawa kafin ya wuce, sannan ta miƙo hannu da kanta ta ɗauki dabino.